Ba Mai Walda Ne Ya Ƙona Taransifoma Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar mazauna unguwarmu. Iyayenmu dattawa, maza da mata, waɗanda suka san wannan unguwa tun ba a kafa turken wuta ko ɗaya a cikinta ba. Malamanmu na addini. Shugaban wannan makaranta, wanda ya ara mana ɗakin taro. Injiniyan kamfanin wuta, wanda ya bar aikinsa ya zo ya zauna tare da mu. Masu sana'a da suka rufe shaguna don su halarta, teloli da masu aski da masu wanki da guga. 'Yan'uwana mata da suka baro tukunya a kan wuta. Da sauran jama'a, na zaune da na tsaye da masu leƙowa ta taga: ina yi muku barka da yamma.

Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya. Ina gode wa kwamiti da ya ɗora mini aikin bin diddigin abin da ya ƙona mana taransifoma. Ba don na fi kowa sani aka zaɓe ni ba. Ni ce dai ke koyar da ilimin lantarki da maganaɗisu a makarantar nan, kuma shugaba ya ce tunda kullum 'ya'yanku nake wahalarwa da shi, yau in zo in wahalar da iyayen. Ina kuma gode wa injiniya, domin ya buɗe mini ƙofar wurin aikinsu, ya nuna mini abin da na roƙa in gani, bai ɓoye komai ba.

Kowa ya san abin da ya tara mu, amma zan maimaita saboda waɗanda suka yi tafiya. Wata rana da yamma, rana ta faɗi ke nan, taransifomar da ke bakin layin kasuwa ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, ta mutu. Kafin ta mutu, a wasu gidaje ƙwayayen fitila sun yi wani irin haske sun fashe, talabijin sun ƙone, firizoji sun ƙone. Unguwa ta daɗe cikin duhu kafin kamfani ya kawo mana wata. A cikin wannan ɓacin rai aka nuna mutum ɗaya da yatsa: mai waldar da ke kusa da taransifomar, wanda yaranmu ke kira Baba Tartsatsi. Kwamiti ya rufe shagonsa, mabuɗin yana hannun shugaba. Mai shagon kuma ya ce abin da taron nan ya yanke shi zai bi. In kun ce a kore shi, gobe zai kwashe kayansa. In kun ce a mayar masa da mabuɗi, gobe zai kunna injinsa. Ga shi can a zaune a benci na ƙarshe. Abincin gidansa yana hannunku, kuma kafin a ɗaga hannu ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku.

Zan faɗi matsayina tun yanzu, don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Ba mai walda ne ya ƙona taransifoma ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu, kuma zan nuna muku dalili daki-daki.

Batu na farko, mene ne a cikin wannan akwatin ƙarfe da muke wucewa ta gabansa kullum?

Ranka ya daɗe shugaban taro, in ka yarda, riƙe mini wannan. Kamfas ne, ɗan abin nan mai allura da matafiya ke gane arewa da shi. Ɗaga shi yadda na gaba za su gani. Ga batir, ga waya. Zan shimfiɗa wayar a bisa kamfas ɗin, ban taɓa allurar ba, ban hura mata iska ba. Yanzu zan haɗa wayar da batir. Kun gani? Ta juya. Na cire, ta koma. Na haɗa, ta juya. Kada ka ji tsoro, ranka ya daɗe, wannan wutar ko kiyashi ba za ta kashe ba.

Shekaru wajen ɗari biyu da suka wuce wani malami a wata ƙasa ya lura da wannan motsi na allura, kuma daga wannan ɗan motsi aka samu fankar da ke kaɗawa a bisa kawunanmu, da injin niƙa, da injin ɗinki mai wuta. Abin da ya gano shi ne, duk wayar da wuta ke bi ta cikinta, akwai ƙarfin maganaɗisu da ke kewaye da ita. Ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana nan. In aka naɗe wayar a jikin ƙarfe, ƙarfin ya taru ya yi yawa. Ga ƙusa, na naɗe ta da waya. Ga allurai a faranti. Ƙusar banza ce, ba ta ɗaukar komai. Na ba ta wuta, ga shi ta kwashe su. Na yanke wutar, sun zube.

Bayan wasu shekaru aka gano ɗaya rabin maganar: kamar yadda wuta ke haifar da maganaɗisu, haka maganaɗisu ke haifar da wuta, amma da sharaɗi, sai in yana canzawa. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da komai. Wanda ke ƙaruwa yana raguwa, yana juyawa yana dawowa, shi ne ke tura wuta cikin wayar da ke kusa da shi.

To taransifoma ba ta wuce wannan ba. A cikinta akwai ƙarfe mai ƙafa uku. A kowace ƙafa akwai naɗin waya biyu na jan ƙarfe. Ɗaya yana karɓar wuta mai tsananin ƙarfi daga manyan wayoyin sama, ɗayan yana ba mu wadda gidajenmu za su iya ɗauka. Naɗin nan biyu ba sa taɓa juna. Abin da ke tsakaninsu takarda ce ta musamman da wani shafi mai kama da fenti, an kuma nutsar da su duka cikin mai don ya riƙa kwashe zafi. Wutar da ke shigowa kai-da-komo take yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda, saboda haka maganaɗisun da ke cikin ƙarfen kullum cikin canzawa yake, shi kuma yake tura wuta a naɗi na biyu. Gurnanin da kuke ji in kun wuce, ƙarfen ne ke ɗan miƙewa yana tsukewa. Ba aljani ba ne, ko da yake na ji wata uwa tana tsorata ɗanta da shi.

Ku riƙe wannan: rayuwar taransifoma a kan takardar nan take. In takarda ta ƙone, waya ta taɓa waya, shi ke nan. Abin da ke ƙona takarda kuwa zafi ne. Zafi kuma yana da wani hali da ya kamata kowane magidanci ya sani. In wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. In ta ninka sau uku, zafin sau tara ne. Ku ajiye wannan tara ɗin a zuciya, za mu dawo gare ta.

Batu na biyu. In kuka ɗaga kai kuka dubi turken da ke ƙofar gidanku, za ku ga waya huɗu. Uku daga cikinsu su ne layukan da muke kira ja, rawaya da shuɗi, kowanne daga ƙafa ɗaya ta taransifoma ya fito. Ta huɗu ita ce hanyar komawa, wadda ma'aikatan wuta ke ce wa nutiral. An gina abin ne a kan cewa za a raba gidaje uku: kashi ɗaya a ja, kashi ɗaya a rawaya, kashi ɗaya a shuɗi.

Ku kwatanta zobe na ƙarfe a tsakiyar fili, an ɗaura masa igiya uku, ƙarti uku suna ja, kowa ta nasa ɓangaren. An kuma ɗaure zoben da wata igiya ta huɗu a jikin turke, don kada ya gusa. Muddin ƙartin nan ƙarfinsu ɗaya, zobe yana tsakiya, igiya ta huɗu tana kwance ba ta ɗauke da komai. Amma in ɗaya ya fi sauran ja nesa ba kusa ba, duk bambancin a kan igiya ta huɗu yake sauka. In ta gaji ta tsinke, zobe sai ya tafi wajen mai ƙarfin. Igiyarsa ta yi sako-sako, igiyoyin sauran biyun kuwa su miƙe har su nemi tsinkewa. Haka wuta take yi. Ranar da waya ta huɗu ta yanke, layin da aka yi wa yawa wutarsa sai ta faɗi, layukan da ba kowa a kansu kuwa wutarsu ta hau fiye da abin da ƙwan fitila ko firiza za su iya jurewa.

Batu na uku shi ne mai nauyin, domin mu ya shafa.

A jikin bangon kusan kowane gida a unguwar nan, kusa da mita, akwai gurbi uku da fis ɗaya, ɗan abin nan da ake cusawa ya haɗa gida da layi. Ba haka kamfani ya sa mana ba. Mu muka kira masu gyara suka jawo mana layukan nan uku, don in wannan ya yi rauni mu koma wancan. Kowa ya san yadda ake yi. A sa silifa, a taka busasshen katako, a kawar da fuska gefe, a zare fis daga nan a cusa can. Har matan aure sun ƙware, har tsofaffi.

Da a ce kowa shi kaɗai yake yin nasa, da abin ya zo da sauƙi. Amma mu mutanen kirki ne, ba ma cin daɗi mu kaɗai. Da zarar rana ta faɗi, wuta ta fara ja da baya, sai ka ji murya ta kan katanga: “Maman yara, wane layi kuke?” A amsa: “Ja! Ku dawo ja, ya kawo da ƙarfinsa!” Wannan ta gaya wa waccan, waccan ta aika wa ta gaba. Mai askinmu, Allah Ya saka masa, har tsakiyar titi yake fitowa da almakashi a hannu yana cewa, “Jama'a, ja! Kowa ya koma ja!” Yanzu ma abin ya samu ci gaba, ta wayar hannu ake sanarwa. Wanda ya samu layi mai kyau ya yi shiru, marowaci muke ce masa.

Me ya sa ja? Saboda wayar jan layi a titinmu ta fi sauran kauri, an sabunta ta a baya, don haka ko an yi mata yawa takan ɗan daure, fitila ba ta nuna gajiya da wuri. Sai ja ya yi suna. Sai muka tare a kansa. Kuma a wane lokaci? A lokacin da kowane gida ya kunna duk abin da ya mallaka: dutsen guga, abin dafa ruwa, tukunyar lantarki, fanka, talabijin. Na tambayi mai gugarmu ko ya san nauyin da duwatsunsa ke ɗora wa layi. Ya ce, “Malama, ni fa ban san wani nauyi ba. Ni dai na san in dutse bai yi zafi ba, mai riga ni zai zaga, ba taransifoma ba.” Gaskiyarsa. Ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Yanzu ku dawo da tarar nan da na ce ku ajiye. Kayan da aka shirya ƙafa uku su ɗauka, mun tattara mun ɗora wa ƙafa ɗaya. Wuta ta ninka sau uku, zafi ya ninka sau tara. Ba rana ɗaya ba, ba wata ɗaya ba. Kowace yamma takardar nan tana dahuwa kaɗan-kaɗan, tana bushewa, tana yin baƙi. Akwai fis babba a jikin taransifoma wanda aikinsa shi ne ya tsinke don ya cece ta. Ya yi ta tsinkewa, yana yi mana gargaɗi. Muka gaji da shi, aka samu mai dabara ya ɗaure wurin da waya mai kauri wadda ba ta tsinkewa. Muka yi masa godiya. Wato mai gadi ya dame mu da ihu, sai muka toshe masa baki muka koma barci.

Ba zato nake faɗa muku ba. Wannan ne batu na huɗu, abin da na gani da idona.

Na je inda aka kai tsohuwar taransifomar, injiniya ya sa aka buɗe ta a gabana. Ƙafa biyu, ta rawaya da ta shuɗi, naɗinsu fes, takardarsu da sauran haskenta. Ƙafar ja kuwa gawayi. Na taɓa takardar da yatsa ta ruguje. Irin wannan ƙuna ba ta faɗuwar rana ɗaya ba ce, ta abin da ya daɗe yana gasuwa ce. Ya kuma nuna mini mahaɗar waya ta huɗu, ta narke ta dunƙule.

Daga nan muka dawo turken da ke gaban shagon mai walda. Wayarsa a layin shuɗi take, kamfani ne ya ɗaura ta da kansa, kuma a bangonsa babu gurbi uku. Gurbi ɗaya ne. Ko ya so komawa ja, ba shi da hanya. Mutumin da bai taɓa hawa ja ba, ta yaya zai ƙona ja? Kuma duk wanda ke bin layin kasuwa ya sani, kafin rana ta faɗi ya naɗe wayoyinsa ya ja ƙofa, saboda idonsa ba ya son aikin dare. A lokacin da taransifoma ta yi ƙara, injinsa a kashe yake.

To me ya sa muka ce shi ne? Domin shi ake gani. Aikinsa yana da walƙiya, yana da ƙara, yana da tartsatsi, kuma shagonsa yana jingine da inda abin ya faru. Dutsen guga ba ya walƙiya. Abin dafa ruwa ba ya ihu. Suna cin wutarsu shiru a cikin ɗakuna, bayan labule, kowa yana ganin nasa ɗan kaɗan ne.

A nan zan ambaci gwaggona, ƙanwar mahaifina, mai sayar da ƙanƙara, da izininta. Ga ta nan a sahun gaba, ta harɗe hannuwa tana kallona. Ita ce ta fi kowa asara, firizojinta duka suka tafi a yamma ɗaya, kuma ita ce ta jagoranci masu cewa a rufe shagon. Ba na ganin laifinta. Wanda ya tsaya yana kallon sana'arsa tana narkewa tana bin rariya, dole ya nemi wanda zai kama.

Da na je mata da abin da na gano, ko tabarma ba ta ba ni ba. Ta ce, “Ke 'yar nan, ni na goya ki, ni na yi miki kitson fari, yau ke ce za ki tashi gaban jama'a ki ƙaryata ni?”

Na ce, “Gwaggo, ba ƙaryata ki zan yi ba. Firizojinki sun ƙone, duk layin nan an ji ƙaurinsu. Wanda ya ƙona su ne ba ki gane ba. Wane layi kike?”

Ta ce, “Rawaya. Tun da aka sa mini wuta nake rawaya. Ni ba na taɓa fis ɗin nan, ina son raina.”

Na ce, “To shi ya sa. Kowa ya gudu ja ya bar ki a rawaya, ke da 'yan tsiraru. Da waya ta huɗu ta yanke, wutar da ta hau kanku ta hau.”

Ta ce, “Wato don ban yi abin da kowa ke yi ba aka ƙona ni?”

Na ce, “Haka ne, Gwaggo.”

Ta ce, “To waye ya ƙona ni?”

Na ce, “Maƙwabtanki.”

Ta ce, “Duka?”

Na ce, “Kusan duka. Har da waɗanda suka zo yi miki jaje.”

Kuna dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, “Boko dai bai yi ba. Ni ba a takarda za ki nuna mini ba. In na gani da idona, ni da kaina zan karɓi mabuɗin in miƙa masa. In ban gani ba, ki daina gaishe ni.” Na riƙe wannan alkawari, kuma zan dawo gare shi.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke kan mai walda, don ban zo in wanke shi tas ba. Injinsa ƙanen taransifoma ne, naɗin waya ne a jikin ƙarfe, kuma duk lokacin da ya ɗosana sandar walda a ƙarfe yakan fizgi wuta da yawa a lokaci guda. Waɗanda ke layin shuɗi suna ganin fitilarsu tana ƙifta ido, telanmu yana jin injinsa yana canza murya. Wannan gaskiya ne, kuma abin damuwa ne. Wayoyinsa ma akwai waɗanda suka tsufa, an lilliƙe su, ya kamata ya canza. Amma mai sa fitila ƙifta ido daban, mai ƙona taransifoma daban. Ba a yanke wa mutum hukuncin kisan kai don ya taka wa wani ƙafa.

Tun da aka rufe shagon, kowace safiya in zan tafi makaranta ina ganinsa zaune a kan dakalin ƙofar, da kayan aikinsa a jiki, baƙin tabarau a aljihu. A cikin shagon akwai ƙofar gidan wani da ya fara bai gama ba, da keken guragu da aka kawo masa gyara, mai shi yana gida yana jira. Na tsaya na gaishe shi, na ce, “Baba, me ya sa kake zuwa alhali a rufe yake?” Ya ce, “Malama, in na zauna a gida, iyali kallona suke yi, ni kuma ba ni da abin ce musu. Gara in zo nan ƙofa ta kalle ni.” Sannan ya ce, “Ni ban yi karatunku ba. In ni na ƙona, ki faɗa mini gaskiya, in tattara in tafi, ba zan riƙe kowa ba.” Na ce masa zan faɗi gaskiya, amma a gaban kowa. Ku tuna kuma, kejin ƙarfen da ya kewaye taransifomar, wanda ya hana yaranmu kusantarta, shi ya ƙera shi.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A bar injiniya da mutanensa su bi gida-gida su raba mu uku, kowa a ɗaure shi a layinsa, a cire sauran gurabun. Na san wannan zai yi ciwo, domin akwai yammar da layinka zai yi rauni kana hango hasken maƙwabci. Amma in an raba daidai, raunin zai ragu ga kowa. A mayar da fis na gaskiya a jikin taransifoma, in ya tsinke a kira masu aikin, kada a ɗaure. Masu guga da masu dafa ruwa, wanda zai iya yi da rana ya yi da rana. Mai walda ya canza wayoyinsa, ya ci gaba da tashi kafin faɗuwar rana. Kiran nan na kan katanga kuwa, mu bar shi. Mu ci gaba da tambayar juna lafiya, da aron gishiri, da duba marar lafiya. Amma “ku dawo ja”, a binne shi yau. Mai aski, kai nake kallo.

In ba mu yi haka ba, ku ji da kyau: za mu kori mai walda, mu kuma ƙona sabuwar taransifoma, sannan mu sake taruwa a ɗakin nan muna neman wanda za mu kora. Injiniya yana da wata na'ura mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi yawan wutar da ke wucewa ba tare da an fere wayar ba. Maganaɗisun nan da ya juya allura a hannun shugaba shi take aunawa. Jiya da yamma mun auna sabuwar. Abin da ja ke ɗauke da shi ya fi na rawaya da shuɗi a haɗe. Jikinta kuwa, daga bayan keji ana jin hucinsa. Shagon walda yana rufe.

Ranka ya daɗe, da aka sa taron nan da safe, ni na roƙa a mayar da shi yamma, ka tambaye ni dalili na ce za ka gani. Ɗakin nan a jan layi yake. Lokacin da na fara magana, fankar nan tana kaɗa takardun da ke gabanka har ka danne su da kofi. Jama'a, ku ɗaga kai. Ku dube ta. Ana iya ƙirga fikafikanta. Ku dubi ƙwan da ke bisa allo, ya koma kamar garwashi. Rana ta faɗi, an kunna duwatsun guga a gidajenmu, an yi kiran kan katanga. Yanzu ku juya ku dubi benci na ƙarshe. Ga Baba Tartsatsi, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Injinsa yana bayan ƙofa, ƙofa tana da kwaɗo, mabuɗin kuma yana aljihun shugaba na dama, na ji ƙararsa lokacin da ya zauna.

Gwaggo, kin ce sai kin gani da idonki.

Jama'a, a ba ta hanya. A matsar da kujerar nan. Ranka ya daɗe, hukunci na taro ne, ba nawa ba, ba na gwaggo ba. Za a ɗaga hannu kamar yadda aka tsara. Amma ga ta nan tsaye a gabanka ta miƙo tafin hannu, kuma ni da na tashi a hannunta ina ba ka shawara, ba a barin ta tana jira.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da abin da ya fi. Allah Ya huci zuciyar wanda muka zarga ba da haƙƙi ba, Ya sa albarka a sana'arsa da ta kowa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da haɗarin wuta, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya bar mu da zumuncinmu, Ya ƙara mana da sani. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. In kun isa kuma, a bar fis inda yake.

Na gode.